Reza Mai Jan Zare

Wata rana, a wata unguwa da ba zan faɗi sunanta ba, aka yi sunan wata jaririya.

Kawunta, yayan mahaifiyarta, tela ne. Sunansa Sallau. Ya iso gidan sunan tun da sassafe, bayansa na ciwo saboda zaman keken ɗinki.

Akwai abin da Sallau ya sani game da kansa wanda ko ƙanwarsa Lantana, mai jegon, ba ta sani ba. Kwanan nan aka gwada jininsa, aka ce yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Bai daɗe da fara shan magani ba.

A zaure ya tarar da Cindo, wanzamin gidan. Uban Cindo ne ya yi wa mai gidan, Alhaji Mamuda, kaciya. Cindo kuma ya yi wa 'ya'yan Alhajin, har da uban jaririyar. A gidan nan ba a tambayar Cindo dalili.

Sallau ya nemi a yi masa ƙaho. Amma bai yarda da askar cikin zabira ba. Ya ciro sabuwar reza daga aljihu. Ya riga ya naɗe gefenta ɗaya da jan zare, yadda ya saba yi a shago don kada ta yanke masa yatsa wajen farke ɗinki.

Da aka gama ya ce, "Baba Cindo, don Allah a jefa ta masai."

Cindo ya gyaɗa kai.

Aka raɗa suna, aka raba goro. Sallau ya shiga hidimar kai wa baƙi masa.

Da ya komo zaure, an riga an fito da jaririyar. Tana cinyar wata tsohuwa tana tsala kuka. An aske mata kai, an yi mata 'yar tsagar gidan a gefen ido.

A cikin kaskon ruwa, tare da gashin jaririyar, ga reza.

Da jan zarenta.

Sallau ya tsaya da faranti a hannu. In ya yi shiru, ba mai sani har abada. Amma ya tuna abin da malamar asibiti ta gaya masa ranar gwaji. In jininsa ya taɓa ciwon wani, akwai maganin da ke tarewa, sai dai dole a fara shi da wuri, kafin kwana uku su cika.

Ya ja Alhaji Mamuda gefe, ya roƙe shi a kai yarinyar asibiti yanzu.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Jaririyar kwana bakwai? Ka taɓa ganin mai jego ta fita gidan nan kafin arba'in? Me ya same ta?"

Ba wata hanya. Sallau ya ajiye farantin.

"Alhaji, rezar da aka yi mata tsaga jinina ne a jikinta. Ni kuwa ina da ƙanjamau."

"To rufe mini baki, ka fita gidana. In maganar nan ta fita, wa zai auri jikata?"

"Bari ta yi rai tukuna, Alhaji."

Zaure ba ya riƙe magana. Kafin ya kai ƙofa kowa ya ji.

Cindo ya miƙe yana kumfar baki. "Na goge ta da tsumma! Sabuwar reza, yanka biyu kacal, a ce in jefar? Tun ba a haifi ubanka ba ake aiki da zabirar nan!"

Waɗanda suka karɓi masa daga hannun Sallau suka zubar. Wani ya ce dama ya ga yana ramewa. Wani ya ce da gangan ya zo ya shafa wa gidan. Uban jaririyar ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musu da mahaifinsa ba.

Aka tura Sallau waje, aka jefo masa takalmansa.

Bai tafi gida ba. Asibiti ya nufa, ya faɗi komai: sunansa, cutarsa, sunan gidan, sunan wanzamin. Malamar asibitin ta kira jami'in lafiya na yankin da jami'ar kula da walwalar yara. Da suka ji mai gida ya hana, suka ɗauki ɗan sanda ɗaya.

Bayan azahar suka isa gidan a motar asibiti tare da Sallau, ana tsakiyar kiɗan mata.

Ban taɓa jin an zagi mutum irin yadda aka zagi Sallau a ƙofar gidan nan ba. Maci amana. Mai baƙin jini. Wanda ya kawo hukuma ranar sunan 'yar ƙanwarsa. Wata ta watsa masa ruwan wanke-wanke, bai ko matsa ba.

Ana cikin haka Lantana ta ratso matan. Ba lulluɓin kirki, ba takalmi, jaririyar a kafaɗa. Surukarta ta riƙe mata zane, ta fizge.

Ba ta kalli yayanta ba. Ta wuce shi ta shiga motar asibiti.

A yammacin nan aka fara ba yarinyar magani, ta sha shi har mako huɗu. Aka karɓe zabirar Cindo, wanda ke da wasu gidajen suna a jere. Aka kai maganarsa gaban alƙali, aka hana shi taɓa ɗan kowa sai ya yarda da sabuwar reza ga kowane mutum.

Aka yi ta gwada yarinyar, wata bayan wata. Ba ta kamu ba.

Kun san abin da Alhaji Mamuda ya ce da ya ji?

"Kun gani ko? Dama ba abin da ya same ta. A banza ya tona mana asiri."

Unguwa kuma ta yarda da shi.

Shagon Sallau ya mutu. Mutanen da ya yi wa ɗinki shekara da shekaru suka aiko aka karɓe yadinsu. Cindo ya koma aikinsa, ana gaishe shi da girma. Sallau ne ya ɗaure kekensa ya bar garin. Yana nan da ransa, yana shan maganinsa, yana ɗinki a inda ba a san shi ba.

Yarinyar ta shiga firamare yanzu, da 'yar tsagarta a gefen ido. Na tambaye ta ko ta san kawunta Sallau.

Ta ce, "Mugun nan da ya ɓata mini suna?"

Darasi: In jinin wani ya taɓa ciwon yaro, ta reza ko aska ko allura, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ganin alama. In manyan gida sun hana, ku sanar da jami'an lafiya da hukuma, ko da gidan naku ne. Kada ku sa ran godiya, don wanda aka tare wa cuta ba ya ganin abin da aka tare masa. Kunyar da Alhaji ya ji tsoro ta wuce. Da cutar ta shiga, da tana nan har yau.

Na tsufa, ƙafata ba ta kai ni gidajen suna. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san wanzami zai shiga gidansa.