Injiniya da Na'urar Sansano Ƙarfe a Ƙarƙashin Ruwa

Injiniya bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofar shago, ya kuma daina amsa sunansa na yanka har mutane suka gaji suka bi. Sana'arsa naɗin kwayil. In fankarka ta ƙone, ko injin markaɗe ya fara warin ƙauri, wurinsa za ka nufa. Ya farke cikin, ya yaye ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa. A faɗi gaskiya, ya iya. Shekara talatin da ɗoriya yana yi, ba a cika dawo masa da aiki ba.

Matsalar dai ya san ya iya. In yana ƙirga zagayen waya, ko sallama ka yi sai dai ya ɗaga maka gira, leɓensa na motsi. Ranar da matarsa ta sauka, mai albishir sai da ya tsaya a ƙofa har ya cika zagaye ɗari huɗu. Sannan ga noti. Tun yana koyon aiki maigidansa ya taɓa kwaɗa masa mari a kan kwayil da ya bari yana girgiɗi, to daga ranar duk abin da ya shigo hannunsa sai ya ɗaure shi da ƙarfe da noti. Kujerar tsakar gida, mariƙin buta, har madubin matarsa, duk sun sha noti. Abin da aka ɗaure da zare ko roba, a wurinsa aikin ragwaye ne.

Ƙanwarsa tana auren Mai Jirgi, wani shiru-shiru da ke ƙetarar da mutane kogi a jirgin katako mai inji a baya. Wata safiya jirgin ya daki kututture a tsakiyar ruwa, maɗaurin injin ya ɓalle, inji ya yi tsulum ya tafi ƙasa. Ba a rasa rai ba, amma injin nan shi ke ciyar da baki tara. Kuma ƙarshen rani ne, hadari ya fara haɗowa. Kowa a bakin kogin ya san nan da kwana goma sabon ruwa zai zo da taɓo, kuma abin da taɓon ya rufe ya rufu ke nan.

Mai Jirgi ya ɗauko Baba Mai Nutso, tsoho mai jajayen idanu wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tsamo abin da ruwa ya ci. Baba ya ce zai ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ya bi ƙasan ruwan layi-layi yana laluba da ƙafa da gora. Kwana biyar, in ya daɗe shida. Ana cikin maganar Injiniya ya iso jaje, ya ji, ya yi wata dariya ta hanci.

"Da ƙafa? A wannan zamanin? Haba Baba, sai ka ce allura ake nema a ɗaki."

"To da me za a nema, Yaya?" in ji ƙanwar.

"Ku ba ni kwana uku. Zan haɗa muku na'urar da ke sansano ƙarfe daga saman ruwa. Inda ta yi kuka, Baba ya nutsa sau ɗaya, ya ɗaura igiya, an gama. Kada ku wahalar da dattijo."

Mai Jirgi ya dubi sama, ya dubi matarsa. Wa zai musa wa yayan matarsa a gaban jama'a, ballantana wanda ake ce wa Injiniya? Ya ce to.

A waya Injiniya ya ga abin, cikin wani bidiyo. Wani mutum ne mai gilashi ya cika gorar roba da kananzir, ya naɗe ta da jar waya, ya yi wata irinta ya naɗe a juye, ya zura su cikin bututun roba, ya haɗa da batir da mita da ƴar sifika. Mutumin yana ta bayani cikin harshensu, amma Injiniya ya kashe sautin, don shi ba a koya masa naɗin waya da baki. Hannun kawai ya kalla. Da ya ga mutumin ya ɗaure bututun da zare, ya rataya masa jakar yashi don ya nutse, sai ya ja tsaki har matarsa ta leƙo.

"Zo ki ga aikin ragwaye. Duk gilashin nan, zare da yashi!"

Naɗin kam ya yi shi kamar ba hannu ya yi ba, zagaye dubu da ɗari biyar kowace gora, waya kwance a jikin waya ba mai hawa wata. Sannan ya gyara wa mai gilashi kuskurensa. Ya ɗaure bututun da maɗaurin ƙarfe biyu da noti takwas, a madadin jakar yashi kuma ya rataya tsohon gindin fanka, irin mai nauyin nan, da sarƙa. Ya kunna a shago, sifika ta tsala ihu, allurar mita ta yi ta rawa. Baki har kunne ya kira maƙwabta su shaida.

Rana ta huɗu suka shiga ruwa, rabin unguwa na kallo daga gaɓa. Mai Jirgi na tuƙi da filafili, Injiniya a gaba da hula da mita a cinya, na'ura na jan igiya a ƙasa. Ba su yi nisa ba sifika ta yi kuka.

"Tsaya! Nan ne! Baba, bismillah."

Baba ya cika ƙirji da iska ya nutsa. Ya daɗe, ya fito da taɓo a gashi, ya girgiza kai. Injiniya ya ce igiyar ruwa ce ta ɗan gusar da su. Aka matsa, ta sake kuka, Baba ya sake nutsawa. Ranar sau goma sha ɗaya tsohon ya sauka, abin da ya tsamo gwangwani ɗaya ne da takalmin roba. Washegari haka, wanshekare haka. Duk lokacin da jirgi ya yi tangaɗi sai na'ura ta kwarma ihu, Injiniya ya nuna ruwa da yatsa kamar mai ba da umarni a filin daga. Ƴan kallo suka koma yi masa amshi daga gaɓa, da sun hango ya ɗaga hannu sai ka ji "Nan ne!" da shewa.

A rana ta bakwai Baba ya fito yana dafe da kunne, jini na bin wuyansa siriri. Ya hau jirgi, ya zauna yana haki, sannan ya jawo igiyar na'urar da kansa har ta fito ta kwanta a gabansu tana ɗiga. Ya ƙura mata ido.

"Injiniya, ka ce abin nan ƙarfe yake sansanowa?"

"Ƙwarai."

"To wannan da ka rataya masa a ciki, tabarma ce?"

Ya sa yatsa ya ture gindin fankar, sarƙa ta yi lilo, sifika ta tsala ihu a sarari, ba ruwa ba inji. Ya sake turewa, ta sake. Kwana huɗu na'urar tana jin ƙarfen da ke jikinta tana kururuwa, su kuma suna tura tsoho ƙasan kogi.

Injiniya ya gane nan take, don shi ba jahili ba ne, kunya ta rufe shi har ya ji kamar ya bi injin ƙasa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ai ruwan nan naku yana da sinadari." Mai Jirgi ya juya kan jirgi zuwa gaɓa.

Kwana biyu shago a rufe. Ya kwance notin takwas ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi zaren ɗinki a wurin matarsa ba tare da ya dubi idonta ba, ya cika tsohuwar safa da yashi. Ya binne fartanya a bayan gida ya gwada. Na'ura shiru, shiru, sai da ta zo daidai kan fartanyar ta yi kuka sau ɗaya. Ya ruga bakin kogi da ita a kafaɗa.

Kogin da ya tarar ba shi ne na shekaranjiya ba. An yi ruwa a can sama, ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Duk da haka Mai Jirgi ya fitar da su, Baba na zaune da auduga a kunne. Suka yi ta zagaye na'ura ba ta ce uffan ba, har suka zo wani wuri ƙasa kaɗan da inda aka fara, inda igiyar Baba za ta bi tun a rana ta biyu. Nan ta yi kuka. Suka wuce ta yi shiru, suka dawo ta sake.

"Ga shi nan!" Injiniya ya miƙe har jirgi ya karkata. "Wallahi ga shi nan! Ta yi aiki!"

Baba ya zura gorarsa mai tsawon mutum uku, ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Ya zaro ta ya ajiye.

"Da kunnena biyu ma ba zan shiga wannan ba," ya ce. "Ku yi haƙuri."

Da ruwa ya janye bayan damina, wurin ya zama tudun taɓo da yashi, an haƙa an gaji. Fasinjoji suka koma jiragen masu inji, Mai Jirgi ya rage da tsofaffin da ba sa sauri. Injiniya kuwa ya rataye na'urar a bangon shago, duk wanda ya kawo fanka sai ya ji labarin yadda ta nuna wurin daidai, ba kuskure ko taku ɗaya.

Wata rana aiki ya kira shi ƙetare, kunya ta hana shi shiga jirgin wani, ya shiga na surukinsa. Su huɗu ne ban da Mai Jirgi, shi da tsofaffin mata biyu da ƙanwarsa, wadda yanzu take bin mijinta tana kwarfar ruwa. A tsakiyar kogi Mai Jirgi ya daina tuƙi. Ya buɗe tafin hannunsa, duk ya sale ya yi kanta, ya miƙo filafilin.

"Yaya, hannuna ya mutu. Karɓi."

Injiniya ya karɓa. Bai taɓa riƙe filafili ba, jirgi ya yi ta juyawa wuri ɗaya, gumi na zubo masa. Ya jira a yi masa dariya ko ya samu ya yi fushi, ba wanda ya yi. Ƙanwarsa ta ci gaba da kwarfar ruwa, ba ta ɗago kai ba.