Ƙwan da Memuna Ba Ta Ci Ba

Kakata, wadda ta haifi babanmu, dafaffen ƙwan zabi take sayarwa. Duk wanda ya saba bin tashar mota ta Aboabo a shekarun nan ya san ta, doguwar tsohuwa da kwano a ka, ga yaji a ƙulle a gefe. Da damina, lokacin da zabi ke saka, matan Dagombawa daga ƙauye suke kawo mata ƙwan cikin ƙwarya. Bayan sallar magariba take dafa na gobe. Ta hura wuta a murhun tsakar gida, ta ɗora tukunya, mu jikoki mu kewaye ta. Kafin ruwa ya tafasa, ƙwai ya dahu ya huce, mun samu tatsuniya ɗaya, in ta ji daɗin kasuwa har biyu.

Ni Hajara, ina da shekara takwas aka kawo ƙanwata Memuna ɗakin Kaka. Ba ta cika shekara ɗaya da rabi ba Mma, mahaifiyarmu, ta samu wani cikin, aka cire ta daga nono rana ɗaya. Sunan mahaifiyar Kaka ta ci, don haka Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata". A bayanta take wuni, har tasha. Da safe koko, da rana koko, da yamma a dama mata tuwo da ɗan ruwan miyar kuka. Kaka kan zuba mata sukari fiye da na kowa, mu muna kallo.

Wata yamma an sauke tukunya, ƙwai yana hucewa a kwano, Memuna tana kan cinyar Kaka. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki guda ɗaya. Kaka ta buɗe 'yan yatsun a hankali ta karɓe, ta mayar.

"A'a, Uwata. Wannan ba na yara ba ne."

Memuna ta ɗan yi kuka kaɗan ta yi shiru. Ni ce na tambaya me ya sa ba a ba mu, alhali kullum a gabanmu ake dafawa.

"Ku matso," in ji Kaka. "Ga wata nan tafe."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai an yi wata mata da ta daɗe ba ta haihu ba, sai Allah ya ba ta ɗa namiji. Don tsananin so, duk abin da ya nuna sai ta ba shi. Ran nan ya nuna ƙwai. Tsofaffi suka hana ta, ta ƙi ji, ta dafa ta ɓare ta sa masa a baki. Daga ranar yaro ya ƙi komai. Da na kajin uwarsa ya ƙare, ya shiga akurkin maƙwabta. Daga ƙwai ya koma kaza, daga kaza ya koma akuya, har ya kwance saniyar mutane. Mutanen gari suka taru suka kore shi. Ya shiga daji yana tafiya, yana rarrafe yana leƙen ramuka, har gashi ya fito masa, wutsiya ta tsiro, ya zama muzuru. Uwar kan je bakin daji ta yi ta kiran sunansa. Yakan leƙo ya kalle ta, bai san ta ba.

A nan Kaka takan rage murya. "Kun ji? Ba yunwa ce ta kore shi ba, daɗin baki ne. Ni ba zan ga jinina ana nuna shi da yatsa a kasuwa ba. Na ajiye ta nan, wanda ya ji ya riƙe."

Na riƙe kuwa. Ko an aike ni da kwanon, ban taɓa ɓare guda ba.

A cikin daminar nan Memuna ta fara canzawa. Kumatunta suka cika, ƙafafunta suka kumbura. Matan gidan suka ce ta yi ƙiba, hannun Kaka ya karɓe ta. Amma gashinta ya yi ja, ya yi laushi, in an taje sai ya biyo matajin. Ta daina wasa. In na danna bayan ƙafarta da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Ni da sauran yara wasa muka mayar da shi. Kaka ta ce nonon ciki ne da ta sha kafin a gane. Ta karɓo rubutu, ta dafa saiwoyi, ta yi mata wanka da ganye. Sai da gudawa ta kama ta aka kai ta asibiti, kwana biyu aka dawo da ita a naɗe.

Ban yi kuka ba. Na tuna ina zaune a bakin ƙofa ina kallon takalman masu gaisuwa. Kaka ta yi kwana bakwai ba ta hura murhun nan ba, ƙwan da aka kawo mata ya lalace a ƙwarya, aka ce in kai bola in zubar. Bayan haka aka koma tatsuniya kamar da, sai dai Kaka ba ta sake ɗora wani yaro a cinyarta ba.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. Na yi aure a Kalpohin, na haifi ɗana Rahim. Yana da wata tara na kai shi awo, nas ta rataya shi a ma'auni, ta duba katin, ta dube ni.

"Maman Rahim, wata biyu ke nan bai ƙaru ba. Ban da nono, me kike ba shi?"

"Koko."

"Koko da me?"

"Da sukari."

"Ƙwai fa? Garin kifi? Wake, gyaɗa?"

Na ce, "Ai ba a ba yara ƙwai." Na faɗe shi kamar yadda mutum ke faɗin sunansa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da alama ta sha jin wannan amsa. Ta ce koko yana cika ciki ne kawai, ba ya gina jiki. Tun daga wata shida yaro yana bukatar ƙwai da aka dafa ya dahu sosai, da kifi, da wake, da ganye, a ci gaba da ba shi nono. Sai ta nuna mini wani hoto a bango, na yaron da ya rasa irin wannan abinci. Kumatu cike, gashi ja, ga yatsan wani ya danna ƙafarsa wurin ya lotsa.

Na tsaya ina kallon hoton. Nas tana ta magana, ina cewa "to". Na ɗauka zan ji wani abu, fushi ko kuka, amma ba abin da ya zo. Na goya ɗana, na hau babur, na tsaya a bakin titi na sayi ƙwai uku. A gida na dafa ɗaya na murƙushe masa a koko. Ya shanye, ya yi barci. Na zauna kusa da shi har la'asar ban motsa ba.

Ban san ko ƙwai kaɗai zai tsayar da Memuna ba. Rai na Allah ne, kuma gudawar ma ta yi nata. Abin da na sani shi ne wata biyar ta yi tana kwana a ɗaki ɗaya da kwanon nan, kuma wadda ta hana ta ita ce ta fi kowa son ta. Kaka ba ta ƙirƙiri tatsuniyar ba. Kakarta ce ta ba ta, ita ma ta riƙe kamar yadda na riƙe. Sata take tsoro, don ita ce abin da ta san yana lalata yaro. Ciwon rashin abinci mai gina jiki kuwa, ba wanda ya taɓa gaya mata sunansa.

Kaka ta yi tsawon rai. Rahim yana da shekara biyu na kai mata shi Aboabo, lokacin idonta ya tafi. Ta ce in miƙo mata angonta. Ta shafa kansa, ta laluba damtsensa da cinyoyinsa, ta gwada ɗaga shi ta kasa. Ta yi dariya.

"Kai, wannan ango da nauyi yake! Hajara, me kike ba shi haka?"

Na dubi hannayenta a jikinsa. Mma tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma tana jiran amsata.

Na ce, "Koko ne, Kaka."

"Madalla," in ji ta. "Ki riƙa sa masa sukari."

Na ce to. Ta rasu bayan wata huɗu, ba ta sani ba. Har yau ban yanke ko tausayi ne ya hana ni faɗa, ko kuwa ban san ta inda zan fara ba ne.