Rigar Gado da Kwamfutar Kawu Habu

A azumin da na fara kaiwa har magariba, ina aji huɗu na firamare, wata Laraba da hantsi a goman ƙarshe, Kawu Habu ya kwantar da kwamfutarsa a kan tabarmar falonmu, ya kwance kusoshinta, ya ɗaga murfin. Na fi kowa matsowa kusa, domin na fi kowa asara idan ba ta tashi ba. Abin da ya fara fitowa wari ne, irin wanda za ka ji idan ka haɗa tsohon takalmi da daddawa da turaren wuta ka rufe su a kwano tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙafa. Bayan warin sai masu gidan suka fito. Kyankyasai. Zuriya guda, iyaye da kakanni da 'yan yaye, har da wani ƙato mai fukafukai da na rantse sai da ya tsaya ya ƙare mini kallo kafin ya wuce, kamar mai tambayar wa ya ba mu izinin shigowa. Suka watsu a falon kamar alhazai sun sauko daga mota a unguwar Aziziyya ta nan Makka. Na haye kujera na tattare ƙafafuna. Kawu kuwa ko gezau. Ya kaɗe wanda ya hau masa hannu ya ce, "Sauko, Rabi, hannunki ne kaɗai zai shiga lungun nan."

Kawu Habu ƙanin Ummana ne, tela ne, shagonsa yana ƙasan benenmu a unguwar Mansur, tsakanin mai tsire da matar da ke sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa. A shagon akwai wani tsohon keke mai yin aikin wuyan riga da kansa: a saka masa ɗan faifai mai kusurwa huɗu, a ɗaure ƙyalle, ya yi ta caccaka allura har fure ya fito. Zanen furannin duk suna cikin kwamfutar da ke falonmu, saboda shagon ba ya ɗaukar ta da Kawu a lokaci guda. Kwamfutar ta girmi Yaya Nasiru, balle ni. Launinta ya koma na haƙorin mai cin goro, in aka kunna ta kuma sai ta yi ta gurnani kamar raƙumin da aka tasa daga barci. Abin takaicin, ita kanta ba ta jin yaren manhajar zanen. Shi ya sa aka soka mata wani dogon kati a ciki, wanda shi ma wata kwamfutar ce daban. Kawu ya danna madannai biyu, allon ya yi baƙi, katin ya karɓi aiki. Katin ba shi da faifan ajiya na kansa. Wani ƙaton fayil aka ware masa a cikin faifan babbar kwamfutar, shi kuma wawan ya ɗauka faifai ne na gaske, duk zane-zanen Kawu suna cikinsa. Kawu yakan ce, "Katin nan alhaji ne ɗan haya. Da rishonsa ya zo, amma ɗakin na masu gida ne."

To, tun ranar Talata ɗan hayan ya daina ganin ɗakinsa. Kawu ya danna madannai biyun, allon ya yi baƙi, sai layi guda na Turanci ya fito ya tsaya. Yaya Nasiru ya karanta ya ce wai babu faifai, ya ɗaga kafaɗa ya ce da Larabci, "Kharban, halas," wato ta lalace, an gama. Shi dama Hausarsa ba ta fitowa sai yana jin yunwa.

Ni kuwa rigar Sallata ce a hannun wannan tsohuwar. Umma ta sayo mini yadi shuɗi, Kawu ya yanka, na zaɓi wani fure mai rassa da zai zagaye wuyan, amma ba ya haɗa riga sai an gama aikin gaba. Kakata Hajiya kuma tana da doka: "'Yar gidan tela ba ta zuwa idi da wuyan riga fayau." Duk yarinyar da rigarta ba ta kammala ba, rigar gado za ta sa. Kowa a danginmu ya san rigar gado. Launinta na miyar kukar da ta kwana ba a ɗumama ba. Kafaɗunta a kumbure suke kamar an cusa burodi. Aikin wuyanta yana ƙaiƙayi har cikin ƙashi. Tana zaune a ƙasan akwatin Hajiya cikin kafur, idan aka fito da ita sauro ma barin ɗakin yake yi. 'Yan uwana mata da suka riga ni sawa kowace ta bar mata tabo, wata na miya, wata na lalle, wata na abin da har yau ba a gano ba, kuma kowace akwai hotonta a ciki tana kuka. Da safen nan na ga Hajiya ta fito da ita ta shanya a igiyar baranda, wai ta sha iska, ko da za a buƙata. Tana lilo a can tana jira na.

Shi ya sa na sauko daga kujerar. Kawu ya ce ƙazanta ce ta hana katin gani, ya miƙo mini tsohon buroshin haƙori da auduga. Abin da na tono daga cikin kwamfutar nan ya isa a buɗe kasuwa. Ƙwan kyankyasai jere kamar wake. Ƙwallayen dabino da ban san ta inda suka shiga ba. Karyayyun allurai, zare, ƙura da ta dunƙule ta zama bargo. Komai kuma ya manne da wani baƙin danƙo, saboda duk Juma'a Hajiya tana tura kaskon turaren wuta ƙarƙashin teburin, wai don kwamfutar ta daina warin maza, fankarta kuwa ta yi shekaru tana zuƙe hayaƙin. A kan katin kansa na tarar da babban baƙo: wata tsaka da ta bushe ta baje kamar kilishi, ƙafafunta a buɗe, bakinta a hangame, da alama ta mutu tana mamakin warin. Da na taɓa ta da buroshi sai jelar ta ɓalle ta faɗo mini a cinya. Na ɗaga murya na tambayi Hajiya ko amai yana karya azumi. Daga kicin ta amsa, "In shi ya zo da kansa, bai karya ba. In ke kika kira shi, ja'ira, sai kin rama." Na haɗiye, na dubi rigar gado ta taga, na ci gaba da kankara.

Kawu ya zare katin, ya ari abin goge fensir ɗina na makaranta ya goge masa haƙoran nan masu ruwan zinare har suka yi ƙyalli, ya mayar. Ya kunna. Gurnani, madannai biyu, baƙin allo, layin nan na Turanci. Ya sauya waya, ya hura iska a ramin katin, ya canza wani ɗan batir, ya yi bisimilla, ya mare ta a gefe. Layin yana nan. Azahar ta wuce, hannuna ya yi baƙi har gwiwa, maƙogwarona ya bushe, ina jin ɗanɗanon tsaka a bakina ko da yake ban ci ba. Daga ƙarshe Kawu ya ce zai yanka wa katin sabon ɗaki, wato sabon fayil wanda babu komai a cikinsa, don kawai ya ga ko katin yana da rai. Kwamfutar ta ƙi, ta ce babu wuri. Nan Kawu ya riƙe gemu. Ya ce in da tsohon fayil ɗin ya ɓace, da wuri ya yi yawa, domin shi ne ya cinye rabin faifan. Tunda babu wuri, yana nan, an dai ɗauke shi daga inda katin ya san shi. Sai a lokacin ya tsaya ya kalli allon babbar kwamfutar da kyau, shi da kullum yake wucewa ba ya kallo. Da can allon cike yake da ƙananan hotuna barkatai. Yanzu fes yake, sai folda guda a kusurwa.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane ba. Duk goman ƙarshe 'yan uwa suna zuwa Umra daga Kano su sauka a falonmu, kuma kafin su iso Hajiya tana sa a tattare duk abin da ido zai gani a kai sito: takalma, bokitai, jakunkunan makaranta, wata shekarar ma da ƙyar aka ceci kyanwata. Ba za a koma Kano a ce gidanta na Makka a hargitse yake ba.

Kawu ya ce, "Wa ya taɓa mini kwamfuta?"

Hajiya ta leƙo da muciya a hannu. "Ni na sa Nasiru ya kimtsa ta. Na zo wucewa na ga gilashin nan tarkace ko'ina kamar bola, ga baƙi na tafe."

"Hajiya, ai ba a kimtsa wannan."

"Ba a kimtsawa? Ɗakinka ma haka ka ce, Habu, har muka tsinci ɓera a ciki. Ba abin da aka zubar. Na ce ya tara su wuri guda."

Yaya Nasiru, da ya yi kwana guda yana ce mana kharban, ya ce shi ai ba wanda ya tambaye shi. Kawu ya buɗe foldar. Sunanta ma "sito" aka sa mata, kamar yadda Hajiya ta umarta. Ga ƙaton fayil ɗin a ciki, lafiyarsa ƙalau, a tsakiyar tarkace. Kawu ya ja shi da linzamin kwamfutar ya mayar inda yake, ya danna madannai biyu. Allon ya yi baƙi, kwamfutar ta yi tari, sai ga sunayen zane-zanen suna gangarowa. Aikin da bai kai a sha kofin ruwa ba.

Na dubi hannayena, na dubi tulin abin da na tono a kan jarida, da tsakar a samansa kamar sarauniya. Na ce, "Kawu, wato tsakar nan ba ta da laifi?" Ya ce, "Ko kaɗan. Da ita a kansa katin yake aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe." Na ce to ni wa zai biya ni hancina? Babu wanda ya kula ni. Hajiya ta leƙa cikin kwamfutar da ke buɗe, ta yatsine fuska, ta ce ai gara da aka buɗe, yanzu hayaƙi zai fi shiga, ta tafi ɗauko kasko. Ranar na sha ruwa da cokali, dabino ma da cokali na ci, kuma sai da Sallah ta wuce kafin na yarda hannuna na dama ya sake kusantar bakina. Amma da la'asar ɗin nan na sauka shago na tsaya a kan keken yana caccaka shuɗin yadina, reshe bayan reshe, har furen ya zagaye wuyan. Da na hau sama, da kaina na cire rigar gado daga igiya da bakin tsintsiya na kai wa Hajiya. Ta ninke ta a hankali ta ce, "Ba komai. Baɗi ma shekara ce."

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Kwamfutar ta mutu mutuwar gaske, masu tsintar ƙarfe suka ɗauke ta da sauran jikokin kyankyasan a ciki. Kawu ya sayi sabon keke, daga wayarsa yake tura masa zane, ba gurnani, ba wari, ba wanda ake kira ya zura hannu. Baƙin Kano sun fi son otal a Jarwal, kusa da Harami, falonmu kuma takalma a ko'ina, domin wadda take sa a kwashe su ta rasu shekarar da ta wuce. Akwatinta yana ɗakinmu. Rigar gado tana ƙasansa, ban taɓa sa ta ba, kuma muninta yana nan yadda na san shi. Amma wani lokaci, in ba kowa a ɗakin, nakan ɗaga murfin kaɗan. Ban taɓa zaton zan nemi warin kafur da kaina ba.