Kunamar Bindigar Mma Raesetja

A duk garin Seshego babu wanda ya taɓa sayar wa Mma Raesetja Ledwaba ko tumatir ne ba ta juya shi ta duba gindinsa ba. Kaji take kiwo, ta loda su a 'yar a-kori-kurarta ta bi ƙauyuka ranar da ake biyan tsofaffi fansho. Tun tana budurwa take wannan sana'a, lokacin a ka take ɗaukar kwando. Marigayi mijinta ya shekara da shekaru yana kawo cefanen nama, ita kuma tana shinshinawa a gaban idonsa. Har ya rasu ba ta gama yarda da shi ba, amma ta yi masa kuka sosai, wannan kam a gabanmu aka yi.

'Yan fashi ne suka kai ta shagon bindiga. Sun tare ta a hanyar Moletjie, suka sake tare ta, na biyun har da mari. Ta je ta koyi harbi, aka ba ta takardar shaida, sannan ta ja ƙanenta Malesela direban tasi suka shiga birnin Polokwane wurin mai shagon, Oom Dolf, wato Kawu Dolf, wani ƙaton Bature ja wur kamar an tsamo shi daga tukunya, wanda ko ana sanyin mutuwa gajeren wando yake sawa.

"Ƙarama nake so, wadda riga za ta rufe," in ji ta.

Ya fito da guda biyu, mai arha da mai tsada, ya nuna mata babu harsashi a ciki, ya ce, "Ja kunamar kowace ki ji, Mma."

Ta ɗauki mai arhar. Ta ja, ta ja, yatsa na tafiya kamar ana jan buhun masara a kan tsakuwa, can sai ƙas, bakin bindigar har ya sunkuya. Ta ɗauki mai tsadar. Kafin ta gama yin niyya, ƙis, kamar an karya busasshen tsinke.

"Kin ji ko? Tsadar duk a kunama take. Mai tauri tana jan hannu, ki auna ɓarawo harsashi ya tafi gonar maƙwabci."

"Cokali nawa na yashi ka zuba a ta farkon?"

"Haba, Mma!"

"Ni ma saye da sayarwa nake yi, Oom. In ina so a ɗauki babban zakara, kusa da ƙanjamamme nake tsayar da shi. Waccan mai saurin amsawa kuma, a jikina za ta wuni ina sunkuyawa ina kamun kaji. Abin da ba ya gardama ba na yarda da shi."

Malesela ya karɓi mai arhar ya gwada, ya kwashe da dariya. "Yaya, kafin ki gama jan wannan ai ɓarawo ya je gida ya ci tuwo ya dawo."

"Kai da ka san mai kyau, me ya hana ka rako ni Moletjie?"

Ya ajiye bindigar. Ita kuwa mai arhar ta saya.

To amma ai ba a biyan bindiga a fita da ita kamar burodi. Lambarta ake sawa a takardar neman lasisi, ta zauna a akwatin ƙarfen mai shago har ranar da 'yan sanda suka ga dama, lasisin kuma nata ne ita kaɗai. Wato kayan Raesetja, da kuɗinta, a hannun mutumin da ta riga ta yanke wa hukunci. Ina barci?

Duk zuwan da za ta yi gari sayen abincin kaji sai ta biya. "Ga sufeto ta iso," Oom Dolf zai ce da ya hango ta. Ta sa ya buɗe akwatin, ta duba lamba, ta juya bakin bindigar wajen buhunan yashin da ke kusurwa ta yi ta jan kunama babu harsashi, ƙas, ƙas, ƙas, sai yatsa ya gaji. Ya miƙa mata kofi, ba ta sha. Damina ta zo ta wuce ana haka. Kajin kuma a ƙauyukan kusa kawai take sayarwa, ciniki ya ragu, tsofaffin Moletjie suna ta aiko da tambayar ko lafiya.

Ranar da lasisi ya fito ta zo da sabon kube na fata, Malesela na biye da ita. Shi rabonsa da bindigar tun ranar saye. Ya ɗaga, ya ja kunama, ya ware ido.

"Kai! Yaya, wannan ta yi laushi fa. Kamar ba ita ba."

Shi yabo ya yi. Ita kuwa sai ta ajiye kube a hankali, ta tura bindigar gaban Oom Dolf da bayan hannu.

"Wa ka ba aronta?"

"Mma, ga lamba nan, ke kike dubawa kullum."

"Lamba a fata take. Hanjin nake tambaya. Me ka cire, me ka sa?"

Oom Dolf ya ƙara ja a kan jan da yake da shi. Ya shiga ciki ya fito da wata irinta sabuwa fil a kwali. Ta ja, sai ga tsakuwar nan ta ranar farko.

"Ƙarfe ne ke goge ƙarfe," ya ce. "Wata da watanni kina zuwa kina ja, kin cinye kaushin da yatsanki. Aikin da mutane ke biyana in yi musu, ke kin yi wa kanki kyauta."

"Wato ni za ka ɗora wa."

"In ba ki so, bar ta. Ɗauki sabuwar, ki koma ki nemi wani lasisin daga farko."

Malesela ya matso ya rage murya. "Yaya, fansho mako mai zuwa ne. Ko hannu sake za ki koma hanyar Moletjie?"

Ta kalli bindigogin biyu. Wata damina cur a jira, ko ta ɗaura a ƙugu abin da ba ta san wanda ya taɓa ba. Can ta ce a kai ta filin harbi na bayan shago.

Oom Dolf ya rataye takardar auna hari.

"Sauke. Wa ya san ramin da ka huda ka liƙe?"

Ta fita zuwa mota ta dawo da buhun abincin kaji wanda ta zazzage da safe, mai hoton zakara a jiki, ta rataye da hannunta. Harsashin ma sai da ta zaɓa daga ƙasan kwali. Ta tsaya, ta tattare zani, ta harba har bindigar ta ƙare. Bakin bai sunkuya ba ko sau ɗaya. Ta taka ta je ta sa ɗan yatsa a kowane rami: yawanci a ƙirjin zakaran, ɗaya a jela.

Ta sa bindigar a kube, ta ɗaura, ta saki riga a kai, ta sunkuya ta miƙe don ta ji ko za ta nuna.

"To, Mma, yanzu kin yarda da ni?" in ji Oom Dolf.

"Na yarda da buhuna," ta ce, ta naɗe shi ta sa a hammata. "Malesela, wuce mu tafi. Akwai kajin da za a kama wa mutanen Moletjie."