Takalman Kaka Ba Sa Datti

Shekaranjiya na raka mijina gareji a Beltsville da tsohuwar motarsa. Bakanike na buɗe inji, warin ƙonannen baƙin mai ya bugi hancina, sai ga Kaka zaune a raina, yana shafa gemu yana shirya mini labarin da har yau ban san rabinsa nawa ne gaskiya ba.

Kaka mahaifin Abba ne. Ina yarinya aka kawo shi daga Kano nan ƙasar waje da muke zaune a duba masa ido, zama ya miƙe. Amaryarsa yake kirana, ni kuma ina ce masa tsoho mai kuri. In ka saurare shi, shi ne baƙin mutum na farko da ya buɗe shagon sayar da motoci a garinsu. Wai da wanke wa wani Bature mota ya fara, ya koma sayen matattun motoci yana haɗa biyu su tashi ɗaya mai rai. Ranar Lahadi kuma su fita bayan gari tsere da Turawa da Kwarori. Na lura yawan Turawan da ya bari a baya yakan ƙaru duk ranar da miya ta yi daɗi. Abu ɗaya ne ba ya canzawa a labarin: direban ƙwarai ba ya taka totur da takalmi, don da tafin ƙafa ake jin abin da inji ke faɗa.

Likita ya hana shi tuƙi, Abba kuma ya rantse cewa ranar da Kaka ya taɓa sitiyari a ƙasar nan, ranar zai saka shi a jirgi ya koma Kano. Abba ba ya rantsuwar wasa. Ni kuwa duk gidan Kaka ne kaɗai ba ya tsawata mini in na amsa masa da Turanci, saboda haka maganar ta dame ni.

Da ganye ya fara ja yana zuba, sai Kaka ya tsiri fita kowace Asabar tare da maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Wai dubiya suke zuwa.

"Wane mara lafiya ne wannan, ba ya warkewa, ba ya mutuwa?" in ji Mama.

Mama ba ta da saurin magana, amma idonta ba ya barci. Saboda gwiwarsa, a falo Kaka ke alwala a cikin roba, ita ke zubar da ruwan. Ta ga duk Asabar ruwan baƙi yake komawa, alhali takalmansa fes suke kamar yanzu aka fito da su daga kwali. Mutumin da takalminsa ke da tsabta ƙafarsa kuma baƙa, ai cire takalmin ya yi. Mu duka kuwa mun san abin da ke sa Kaka cire takalmi a cikin mota. Ni ma na laɓaɓa na sunsuna babbar rigarsa, na ji fetur. Na tambaye shi, ya ce amarya ba ta bincikar ango.

Mama ta gaya wa Abba. Asabar ta gaba ya bi bayan tasin, ita kuma ta tura ni cikin motarsa, don ta san ba zai ɗaga wa mahaifinsa murya a gabana ba. Muka bi su har garin Manassas. Ina ta tunanin wa zai zauna a kujerar Kaka in aka mayar da shi Kano.

Wani fili ne na jar ƙasa a bayan gari, inda masu tsofaffin motoci ke zuwa su gwada gudu. Muna tsaye wata akwalar mota ta wuce mu da ruri, na hango hular Kaka ta taga. Abba ya cije leɓe. Motar ta zagayo ta tsaya, ya nufe ta da sauri, ni ina biye.

Maƙwabcinmu ne a kan sitiyari. Kaka yana kujerar dama, takalmansa a cinya, ƙafafunsa biyu a shimfiɗe kan ƙarfen motar inda babu shimfiɗa, duk mai da ƙasa.

"Baba, me ya kawo ku nan?" in ji Abba.

Kaka ya juyo yana ƙifta ido. "Wane ne? Au, kai ne." Ya yi ɗan murmushi. "Kana tsaye a kaina ban gane ka ba sai da ka yi magana, ina zan ga hanya? Ni da tuƙi mun yi sallama. Ƙafata kawai nake kawowa ta gaisa da inji. A zamaninmu ma nan ɓangaren ne na direba."

A wurin muka gane idon ya tafi, ya daɗe yana ɓoye mana. Mun yi makonni muna zargin sa da tuƙi, ba wanda ya lura da yadda yake lalube kafin ya ɗauki kofi. Abba ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon filin. Da za mu koma gida shi ya buɗe wa Kaka ƙofar gaba, ya durƙusa ya cire tabarmar robar da ke ƙasa, ya karɓi takalman ya miƙo mini. Ba a sake maganar jirgi ba.

Kaka ya rasu a nan, aka binne shi a nan, da labarinsa. Na tambayi dangi a Kano, wasu suka ce shagon gaskiya ne, tseren kuma sai su yi dariya su canza zance. Ni har gobe ina shakkar Turawan nan.

Yanzu motata mai lantarki ce, ba ruri, ba wari, yarana har barci suke yi a ciki. Da muka dawo daga garejin na shiga cikinta, na zare takalmi, na kunna ta, na ɗora tafin ƙafata a ƙasa na jira. Ba ta ce mini komai ba.