Miyar da na yi shekara ashirin ina kushewa

Salama gare ku, 'yan'uwa da abokai. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambayar 'yata Rahila ko tsohon ya tafi ne ba a sanar ba. Ina nan da raina. Yatsun ƙafata biyu ne dai suka riga ni gaba.

Ƙusa na taka a ƙofar gidanmu a Zango. Ban ma ji zafi ba, sai jini na gani a takalmi. Na san ina da ciwon suga tun da daɗewa, amma na shafa man kaɗe, na ɗaure da tsumma.

Kwana goma ƙafa ta kumbura, yatsu suka yi baƙi, ta fara wari. Rahila ta kwance tsumman, ta fita neman mota.

A asibiti sai ƙarin ruwa, allura safe da yamma, a soki yatsa a auna suga kafin karin kumallo. In za a wanke mikin, gefen zane nake cizawa. Tumakinmu uku suka ƙare a sayen magani.

Likita ya ce, "Baba, in baƙin nan ya kai idon sawu, ƙafar za mu cire."

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da yawanku kun san ni da koyar da riƙon amana a ikilisiya. Wurin mahaifina na gaje shi. Ɗan ikilisiyar Lutheran ne daga Adamawa, ya biyo motocin gyaɗa zuwa Damagaram tun kafin 'yancin kai, ya kafa rumfar gyaran keken ɗinki. Yakan ce mini, "Allah ba ya saukowa ya ɗinka wa mutum riga. Tela yake aikowa, ni kuma in gyara wa telan keke." Shekarar da aka sauke tutar Faransa na bar masa rumfar na tafi aikin biro, wato ofis, amma maganar na riƙe ta. Shekara arba'in ina koyar da cewa manomi da direba da ungozoma, kowa aikinsa kira ne daga Allah. Baki dai ya iya.

Wata safiya likita ya duba tsohon katina, ya dube ni.

"Baba, sama da shekara ashirin da suga, ido lafiya, ƙoda lafiya, sai bana? Me ya sauya a gidanka?"

Na ce babu, sai dai matata Ladi da ta rasu bara waccan.

"Ita ke dafa maka?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "To ita ce likitanka. Mu taya ta muke yi."

Ya wuce gado na gaba, ya bar ni da kunya.

Miyar Ladi lami ce, kununta ba sukari, tuwon da take zuba mini ɗan kaɗan. Na taɓa cewa a gaban baƙi hannunta ya manta hanyar gishiri, aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Kowace yamma takan wanke mini ƙafa da ruwan ɗumi tana leƙa tsakanin yatsu, ni kuwa na ɗauka ladabi ne kawai. In ta makara taron mata saboda girki, sai in ce mata aikin Allah ya fi tukunya. Ni ɗin nan, malamin riƙon amana.

Bayan rasuwarta na koma wurin mai shayi, sukari cokali uku.

Ƙanwarta Asabe ta zo duba ni, na ba ta labarin likita. Ta ce, "Yaya, Ladi fa gishiri take so kamar me. In ta zo gidana har yatsa take lasa. A gida ne ta ƙi ɗora tukunya biyu, wai kada ka ji ƙamshin tata ka ture taka."

Na juya fuska bango na yi kuka.

Allah ya taimaka baƙin ya tsaya. Yatsu biyu aka cire, ƙafa ta tsira. Mako bakwai aka sallame ni. Ranar Lahadin da ta wuce na taka zuwa sujada a ikilisiya da sanda, da ƙafata.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likita da masu wankin miki, da Rahila da ta ajiye aikinta ta zauna da ni, da maƙwabtana Musulmi na Zango da ba su bar ni rana ɗaya babu gaisuwa ba.

Masu suga, ku duba ƙafarku kullum, har ƙarƙashin tafin. Kada ku taka ƙasa ba takalmi. Miki ko ƙanƙane ne, asibiti tun ranar, ba tsumma ba.

Wanda kuma ke dafa muku abinci, ku gode masa yau, tun yana ji. Ni tawa godiyar ta makara da shekara biyu.