Kanta, Kumandan na Kara

Kanta mutumin Madarunfa ne, manomi ɗan manomi, kuma da an bar shi a gonarsa da babu abin da za a rubuta a kansa. A shekarar 1938 aka ɗebe shi tare da wasu samarin garin zuwa aikin tilas na Nasara, wato fasa dutse da shimfiɗa hanyar mota can gabas da Maraɗi. Aka rarraba su wurare dabam-dabam, shi da wani Ɗanjuma kaɗai suka faɗa wuri guda. Bayan shekara uku ya dawo da hannun dama a shanye, dutse ya murƙushe shi. Ya tarar matarsa ta koma gidansu a Safo, an raba auren. Mai hannu ɗaya ba ya noman kirki, saboda haka aka ba shi aikin da ake ba yara, korar tsuntsaye daga gonakin dawa na bakin tafki. Can yake wuni bisa wata ƴar rumfa, yana jan igiya mai ƙoƙuna, ba mai ce masa sannu.

Akwai kuma wata magana da ya dawo da ita. Ɗanjuma ya rasu a wurin aikin, ciwon ciki ya kashe shi, kuma Kanta ne ya binne shi. A al'adar garin, yaro ba ya tsallake manya ya kai wa uwa labarin mutuwar ɗanta. Dattijon gidan ake faɗa wa, shi ya san lokaci, ya san lafazi. Kanta ya bi ƙa'ida, ya je ya durƙusa gaban Yahaya, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifin Ɗanjuma. Yahaya ya ce Inde, uwar mamacin, ba ta da lafiya, a bari a gama girbi. In ta tambaya kafin nan, a ce mata an wuce da shi gaba. Da rani sanƙarau ya ɗauke Yahaya, bai faɗa wa kowa ba. Maganar ta rage a cikin Kanta shi kaɗai, kuma kowace shekara tana ƙara nauyi, domin wanda ya kawo ta bana dole ya bayyana dalilin shirunsa na bara. Hauwa, matar Ɗanjuma, ta ƙi zuwa gaban alƙali a raba aurenta, ta zauna tana yi wa Inde daka tana jira.

Bayan girbi samarin garin kan yi wasan kara. Da karan dawa suke ƙera hula da bindiga da agogo, su naɗa sarki da alƙali na wuni ɗaya, su kwaikwayi masu mulki a filin gari. Wata shekara Lawali, sarkin samari, ya rasa mai yin kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasar.

"Kawu Kanta, kai ka gan shi ido da ido," in ji shi. "Mu daga nesa muke hango ƙurar motarshi. Nuna mana."

Kanta ya shafa toka a fuska, ya kifa hular kara, ya sa tabarau na kara. Shanyayyen hannun ya maƙale a baya, daidai yadda kumandan ke riƙe nasa. Ya fito yana taku kamar zalɓe, yana ihu ta hanci da Faransancin da babu Bafaranshen da zai gane. Ya tsare wani jaki don bai sara masa ba. Ya tambayi dalilin da ya sa damman gero ba su tsaya a layi ba. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓuya a rumbu in an ce mota ta taso, ranar nan suka yi dariya har da hawaye.

Shekara bakwai yana wannan. A ranar wasa ana jan shi cikin inuwa, ana miƙa masa fura, manya suna ba shi hannu. Sauran kwanakin shekara yana kan rumfarsa. Wuni ɗayan nan shi ne dukan rabonsa cikin mutane, kuma ya san haka sarai.

A kakar 1949, ana tsakiyar wasa, Inde ta ratso taron tana dogara sanda. Idonta ya dushe, hankalinta ya fara tsufa. Ta ji muryar daga gida, ta ga farar fuska da hula, ba ta yi shakka ba kumandan ne. Ta zube a gaban Kanta.

"Ranka shi daɗe, an ce kun bar ɗibar mutane. Na kowa ya dawo. Ina nawa?"

Taro ya fashe da dariya, ana zaton shiri ne. Lawali, wanda ke yin tafinta, ya ɗaga murya, yana kiransa mushe yadda ake girmama Bafaranshe, ya ce, "Mushe Kumandan, tsohuwa ta ce miji take so, ko da mai jan kunne ne!" Da ya ga hawayenta na gaske ne, sai ya matso ya rage murya. "Kawu, ce mata gobe yana tafe, a wuce wurin."

A nan ya kamata a auna al'amarin da kyau. Kalma ɗaya da muryar Nasara ta isa: tsohuwa ta koma gida da murna, wasa ya ci gaba, kuma babu wanda zai kira ta ƙarya, tun da kowa ya san a filin wasa ake. Yahaya da ya ɗaure masa baki ya mutu. Nasaran da ya jawo mutuwar ya daɗe da komawa ƙasarsu. Babu sauran wanda Kanta zai jingina wa hukuncin, kuma mutum ba ya sanin ko shi wane ne sai ya kai irin wannan wuri.

Ya cire hular, ya goge tokar da gefen rigarsa, ya durƙusa har kansa ya yi ƙasa da nata.

"Inna, ba Nasara ba ne. Kanta ne, ɗan Zainabu. Ɗanjuma Allah ya yi mashi rasuwa, shekara tara ke nan. Ni na sa shi ƙasa."

Makaɗa suka ajiye ganguna. Hauwa ta yanke jiki ta faɗi, aka ɗauke ta.

Garin bai yafe masa ba, kuma ba za a ce garin ya yi zalunci ba. Kanta ya bar mace ta ƙare ƙuruciyarta a kan auren matacce, ya hana mamaci addu'ar shekara tara, sannan ya kawo mutuwa filin wasa ba ta bakin dattijo ba. Abin da garin ya ƙi aunawa shi ne, laifinsa na farko bin ƙa'ida ne ya haife shi, kuma ba shi da hanyar fita sai ta karya ta. Aka yi sadaka, ya zauna can bayan sahu. Badi aka ba wani hular, kuma ba a sake neman Kanta ba har ya rasu a 1957.

Sau ɗaya Inde ta aika a kira shi. Ya tsaya a bakin ɗakinta, ba ta ce ya shigo ba.

"Kun yi mashi wanka?"

"Babu ruwa, Inna. Taimama na yi mashi."

"Likkafani fa?"

"Zanen rufata."

"Ka duba da shi gabas?"

"Na duba da shi gabas."

Ta ɗauki carbinta tana ja.

"To," ta ce. "Tafi abinka."